Cikin da Aska Ba Ta Taɓa Ba

Da sunan Allah na fara, shi da ya buɗe mini baki a ranar da kunya ta so ta rufe shi. Ban saba dogon rubutu ba, amma na ce sai na rubuta wannan saboda matan da suka yi aure a gidajen da ake cewa, "Mu haka idonmu yake." Ni ma haka aka ce mini, na kuwa yarda, har sai da 'yata ta kusa kuɓuce mini.

Ni 'yar Zagga ce, aure ya kai ni Illo. Sana'ata bandar kifi, ranar kasuwa in tsallaka da shi ɓangaren Benin in sayar. Maigidana, wanda nake kira Malam, shinkafa yake nomawa a fadama. Tun ina amarya na lura da abu biyu a gidansu. Da yawansu farin idonsu ba fari ba ne, da ɗan rawaya a ciki, har 'yan unguwa kan tsokane su da shi. Kuma duk mai irin wannan ido, in ka duba ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, za ka ga tsaga layi-layi, baƙaƙe. Da na tambayi Inna, mahaifiyar Malam, sai ta ce da ni, "Saihwa ta. Mu gidanga haka munka gada. In ta hwaɗo ma yaro, a kira Sarkin Aska shi tsaga, shi shahwa magani, ta koma wurinta." Ita kanta tana da tsagar. Ta haifi 'ya'ya da dama, wasu sun koma tun suna ƙanana, amma Malam da ƙanwarsa an yi musu tsaga ga su nan da ransu. Wannan ita ce hujjar Inna, kuma ba mai ja da ita.

Ummi ce 'yata ta fari, sunan Inna aka sa mata. A wajenmu uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi kina kallo sai dai wata ta ɗaga shi. Ana yaye Ummi ta koma ɗakin Inna, can take ci, can take kwana. Ni kuwa 'yar kallo ce, sai dai in saci ido in dube ta in tana wucewa.

Tana da shekara shida, cikin damina, zazzaɓi ya kama ta. A makon farko idonta ya yi rawaya shar, fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi. Aka ce shawara ce. Inna ta jiƙa saiwar rawaya tana ba ta, aka hana ta mai, aka hana ta nama. A mako na biyu wata gwaggon Malam ta ce akwai ɗakin shan magani a tsallaken Benin, hannunsu da kyau. Aka ɗauke ta a babur aka kai ta. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka yi mata ƙarin ruwa da allurar zazzaɓin sauro, suka ba mu takarda da Faransanci wadda ba wanda ya iya karanta ta a gidan. Zazzaɓin ya sauka, amma yarinya ta ƙi tashi. Tafin hannunta ya yi fari fat, cikinta ta hagu ya yi tauri, in ta yi 'yar tafiya sai haki.

A mako na uku, da hantsi, ina tsakar gida ina gyaran kifi, ta fito daga ɗakin Inna za ta je bayi, sai kawai ta zube. Ban san lokacin da na yar da wuƙa na sure ta ba. Matan gida suka yi tsuru-tsuru suna kallona, ni kuwa ina ta ƙwala wa Malam kira. Muka tsallake gada muka nufi asibitin Bagudo.

Nan aka ce jininta ya kusa ƙarewa, a nemo mai bayarwa maza. Malam ya naɗe hannun riga da ƙarfinsa. Aka gwada shi, mai gwajin ya ce, "Malam, kai ma naka bai ishe ka ba." Ransa ya ɓaci ƙwarai, a ce ƙaton manomi kamarsa ba shi da jinin ba 'yarsa. Yayana Bello ne ya baro gonarsa a Zagga ya zo ya ba da leda ɗaya, bayan kwanaki ƙanena ya ba da ta biyu. Allah ya saka musu. Aka gwada sikila, don har an fara gunaguni cewa daga danginmu ciwon ya fito. Gwaji ya nuna Ummi ba ta da ita, ni ba ni da ita, Malam ma haka.

A bakin gadon asibitin ne Inna ta fara zancen Sarkin Aska. Wata nas ta ji, ta juyo ta ce, "Haba Inna, yarinyar da muke roƙon jini muna zuba mata, ku kuma ku kai ta a zubar?" Maganar nan ta zauna mini daram, domin ban manta ɗan ƙanwar Malam ba. Shekara biyu kafin nan aka yi masa tsagar yana fari fat kamar haka, wurin ya yi ta tsattsafo da jini, daga baya ya ruru. Da ya rasu aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, na yarda, amma ni na wanke tsummokaran. A raina na ce aska ba za ta hau cikin Ummi ba sai an gaya mini sunan abin da ke cinye mata jini.

Likitan Bagudo ya ce akwai gwajin da ba su da kayansa, sai babban asibiti a Sakkwato. Na sayar da tunkiyata, matan adashinmu suka ba ni ɗauka tun layina bai zo ba. Malam bai samu zuwa ba, ruwa na neman cinye masa shinkafa. Muka tafi mu uku, ni da Inna da Ummi. Tun kafin mu kai tasha ruwan sama ya yi mana duka a kan babur, takardar da likita ya rubuta ta jiƙe, tawadar ta narke, sai hatimi kawai ake iya gani.

Layin asibitin nan kuwa, Allah ya ba marasa lafiya haƙuri. Layin kati daban, na biyan kuɗi daban, na ganin likita daban, ga shi kowane ɗaki a wata uwa duniya yake. Da aka kira mu wajen likitan jini, Inna ta kama hannun Ummi suka shiga. Ni na zauna a benci a waje kamar 'yar rakiya, domin haka ya dace da uwar 'yar fari. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo bayan kwanaki. Muka sauka a gidan wata 'yar garinmu da ke aure can, wadda ta ciyar da mu ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Ranar karɓar sakamako ƙafafun Ummi sun gaji, dole na ɗauke ta na shiga da ita. Likitan ya daɗe yana juya takarda. Ya ce a madubin duba ƙwayoyin jini ya ga wasu ƙwayoyin jinin da suka ba shi shakka, amma gwajin bai fito fili ba. Sai ya dubi Inna ya ce, "Inna, kin ce ba a taɓa ƙara mata jini ba ko?"

Inna ta ce, "Awo. Jinin gidanmu na cikin jikinta."

Ina tsaye a bayan kujerarta. Ƙaryata surukata a gaban baƙo ba ƙaramin abu ba ne. Amma na dubi wuyan Ummi, jijiya na ta bal-bal, sai na ji bakina ya buɗe.

"Likita, an ƙara mata. Leda biyu, ko wata ba a yi ba."

Ya ajiye biro. "Ke wace ce?"

"Ni ce uwatta."

Tun da na haife ta ban taɓa faɗin wannan kalma a gaban kowa ba. Inna ba ta juyo ba, amma na ga yadda ta damƙe carbinta.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ashe jinin kawunnan Ummi suka gwada, ba nata ba. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Ƙwayar jinin mai lafiya faifai ce, kamar waina da aka danna tsakiyarta, in ta sha ruwa tana da wurin kumbura. Akwai gidajen da ake haihuwarsu da ƙwayar jini dunƙulalliya, ba ta da sarari, da ta ɗan sha ruwa sai ta fashe. Gwajin shi ne a ɗiga jini cikin ruwan gishiri, daga mai gishiri sosai zuwa mai salam, a ga inda zai fara fashewa. Ya ce sai mun jira kamar wata uku, baƙon jini ya ƙare a jikinta. Ya ce in za mu dawo mu zo da ubanta, da duk mai irin idonsu. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma in jininta ya sake yin ƙasa, a ƙara mata. Kada ki jira gwajina. Rai shi ne gaba."

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Jega. Sannan Inna ta ce mini, tana kallon taga, "So kika yi duniya ta ji ɗana ya kasa ba ɗiyatai jini?" Nan na gane abin da ya sa ta ɓoye, har ta ba ni tausayi. Amma haushi bai bar ni ba, don tunkiyata ta tafi a banza.

Muna komawa Illo ta shaida wa kowa cewa mun je har Sakkwato ba su ga komai ba. Ba a yi mako ba, wata safiya sai ga Sarkin Aska ya yi sallama, ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya buɗe zabira. Aka kawo ruwa a ƙwarya. Inna ta fito da Ummi ta tuɓe mata riga.

Na taso daga wurin banda, hannuna duk toka. Na ɗauki yarinya 'yar shekara shida na goya ta, na shige ɗakina da ita, na dawo na tsaya a bakin ƙofa.

Inna ta ce, "Ke! Mi nika gani haka? Ɗiyar hwari kika goyo gaban mutane?"

Na durƙusa, amma ban matsa daga ƙofar ba. Na ce, "Inna, ki gahwarce ni. Ki ba ni har a yanke shinkahwa. In mun koma sunka ce ba su ga komi ba, ni da kaina zan riƙe ta a tsaga."

"In ta mutu cikin jiranki hwa?"

Na ce, "Inna, da tsoron nan nika kwana, da shi nika tashi. Amma na ga abin da yaf faru ga ɗan Hajo."

Hajo ita ce ƙanwar Malam, tana nan tsaye, sai ta rufe fuska da gyale ta shige. Malam yana zaure yana jin komai, bai shigo ba, kuma wannan na daɗe ban yafe masa ba. Sarkin Aska ne ya raba. Dattijon kirki ne, shi ya yi wa ƙannen Ummi askin suna. Ya naɗe zabirarsa ya ce, "Hajiya, ni ba ni ɗora aska bisa ɗiyar da uwatta tat tsaya ƙohwa." Ya yi sallama ya fita.

Watannin da suka biyo baya ba na fatan su ga kowa. Na zama marar kunyar unguwa. In na je rijiya sai hira ta mutu. Har mahaifiyata ta aiko daga Zagga cewa in je in ba Inna haƙuri in mayar mata da jikarta, kada in zubar musu da mutunci. Na je na ba da haƙuri, amma yarinya ban mayar ba. Kullum da safe sai na ja fatar idonta na duba ko da sauran ja. Na rataya mata gidan sauro, ina ba ta 'yar ƙwayar nan rawaya da likita ya rubuta, folik asid, na dawo mata da nama da hanta da kwaɗon zogale. Duk mako sai na tsallake gada zuwa Bagudo a auna jininta, har masu babur suka daina tambayata inda za ni.

A tsakiyar jiran zazzaɓi ya sake kama ta, jinin ya yi ƙasa. Na ce wa likitan Bagudo in ƙari ne a ƙara, na haƙura da gwajin, mu sake sabon jira. Ya kwantar da mu yana dubawa safe da yamma, da ikon Allah jinin ya tsaya, sannan ya fara hawa. Ranar da muka dawo gida na tarar da kwanon farfesun kaza a rufe a bakin ƙofata. Ba wanda ya ce shi ya ajiye, amma na san kwanon, na ɗakin Inna ne.

Sauran aikin shi ne Malam. Da na yi masa zancen Sakkwato sai ya ce, "Ni lahiyata lau, mi za a gwada?" Na ce masa wa ke zama yana haki a kan kunyar gona sa'anninsa na yanka, wa aka kora daga ɗakin ba da jini. Ya yi fushi ya fita. Na bar shi ya huce, na sake tayarwa, na kuma sakewa. Daga ƙarshe na ce, "Ba don kai ba, Malam. Don ita." Da aka gama sussuka ya sayar da buhu ya ce mu shirya. Inna ma ta ɗauko mayafinta, ta ce za ta je ta ga ƙaryarsu da idonta.

Wannan karon duk mu huɗu aka ɗebi jininmu, nawa aka ce za a yi ma'auni da shi. Aka ce sai jinin ya kwana. Washegari na roƙi ma'aikaciyar ɗakin gwajin, wata 'yar Zuru mai fara'a, ta bar tsohuwar nan ta gani. Ta yi dariya ta ce mu tsaya daga bakin ƙofa, ta ɗauko mana. Wasu 'yan kwalabe ne sirara, an jera su layi huɗu. A layina kwalaben farko ruwansu garau, jinin ya kwanta a ƙasa, sai can wajen ƙarshe ruwan ya yi ja. Sauran layi uku kuwa tun daga kusa da farko ja ya kama su, iri ɗaya sak.

Inna ta matso da fuskarta. Ta nuna ɗaya. "Wanga na wa?"

"Na yarinyar."

"Wanga hwa?"

"Na babanta. Wannan kuma naki ne, Mama."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce a hankali, "Ashe ni nab ba su."

Likita ya faɗi sunan ciwon, sifarosaitosis, har yau sai na rarraba shi kafin ya fita daga bakina. Ya ce ba sikila ba ce, wannan ko daga mutum ɗaya cikin iyaye ana gadonsa. Ya ce wa Inna ba laifinta ba ne, ita ma gada ta yi. Saifa kuwa tana kumbura ne don ita ke tare dunƙulallun ƙwayoyin tana farfasa su, tsaga a fata ba ta isa can.

Inna ta ce, "Amma anka tsaga ma ɗana, ga shi ya tashi."

Likita ya ce, "Nashi mai sauƙi ne, Inna. Waɗanda suka rasu fa, ba a yi musu ba?"

Inna ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "An yi musu. Dukkansu an yi musu."

Na yi wata uku ina jiran ranar da za a ce ni ke da gaskiya. Da ranar ta zo ban ji daɗin komai ba. Tsohuwa ce kawai a gabana tana tuna 'ya'yanta, sai na tsinci kaina ina kuka tare da ita.

Ba a warkewa daga wannan ciwo, lallaɓa shi ake yi. Ummi na shan ƙwayarta kullum, Malam da Hajo ma an ɗora su a kai. In zazzaɓi ya taɓa ta ba ma kwana, sai asibiti. An hana ta wasan da za a buge ta a ciki. Likita ya ce in ta girma abin ya matsa za a duba yiwuwar cire saifar, amma yanzu a sa ido. Tana zuwa makaranta, tana tsiwa, idonta kan yi rawaya ya washe. 'Yan uwana mata, in gidanku akwai irin wannan ido da wannan tsaga, an gwada sikila ba a samu ba, ku nemi a kai ku wajen likitan jini. In an ƙara wa yaro jini ku faɗa, ko ba a tambaye ku ba. Kuma ku shiga ɗakin likita da ƙafarku, ko ɗan fari ne, kada ku zauna a benci irin nawa.

Kwanan baya ina tsakar gida ina gyaran kifi, Inna na gefe tana tsince shinkafa, sai ga Ummi ta shigo da kuka. Wai suna wanka da yaran dangi, suka ce ita ba 'yar gidan ba ce, tunda cikinta babu tsaga. Na sunkuyar da kai kan kifina, yadda na saba. Inna ta jawo ta, ta ɗaga gefen rigarta, ta ɗora hannun yarinyar a kan tsofaffin layukan nan.

"Kin ji su? Naki na nan cikinsu. Na riga na amshi naki bisa jikina, ba a yi miki wasu."

Ta shafa cikin Ummi, sumul, babu ko ƙwarzane. Sannan ta tura ta wajena, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Tahi wurin uwakki ta share miki hawaye. Ita tat tsare miki cikinga."

Na goge hannuna a zane, ƙarnin kifi da komai, na rungume 'yata a tsakiyar gida, kowa na kallo.